Majiya Biyu, Baki Ɗaya

Da hantsi aka tsinci Gola a bayan filin atisaye, kwance tsakanin motarsa da katanga, ya rungume hannunsa na dama a ƙirji. Gilashin motar ya tarwatse, an kuma rubuta MACI AMANA da jan fenti a jikin ƙofa. Shi ne mai tsaron ragar kulob ɗin garin, mutumin da kwanan baya magoya baya ke ɗaukarsa a kafaɗa.

Kafin Sufeto ta iso an kama waɗanda suka yi aika-aikar, wani bakanike da wani mai sayar da takalma. Ba su ma yi yunƙurin gudu ba. Fentin na nan a yatsunsu lokacin da ta zaunar da su a ofis.

"Me ya yi muku?"

"Sayar da mu ya yi, ranki ya daɗe," in ji bakaniken. "Wasan ƙarshe na kofi. Ƙwallayen nan da suka shige shi, ko kakata sai ta tare su."

"Wa ya ce maka sayarwa ya yi?"

"Yana cikin Kundi."

Ya faɗi maganar kamar wanda ya ja aya, ya miƙo wayarsa. Sufeto ba ta kallon ƙwallo, amma ta san Kundi, kuma sanin bai yi mata daɗi ba. Shafi ne a intanet da masoyan kulob ɗin suka gina da hannunsu: tarihin kowane ɗan wasa, kowane kofi, har da launin rigunan da aka sa tun kafin a haife ta. Kowa na iya rubutu a ciki, amma ba abin da ke zama sai ɗaya daga cikin masu kula su uku ya amince. In gardama ta kaure a shagon aski, Kundi ake buɗewa, magana ta mutu.

A shafin Gola ta karanta: "Ana gobe wasan ƙarshe, an ga Gola yana karɓar baƙar jaka daga hannun wakilin abokan karawa, a bayan wani wurin wankin mota." Ƙarƙashin jimlar an jera majiya biyu, wani shafin labaran wasanni da wani shirin rediyo. Can ƙasa kuma ga sunan mai kulan da ya amince. Yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ta kai wa shugabanta maganar kafin wani ya riga ta. Ya saurare ta yana juya biro.

"Masu duka suna hannu. Amma wanda ya kunna wutar shi nake so, don ɓata suna ne da tunzura jama'a. Ki ci gaba. In igiya ta ƙare a ƙafar yayanki, ki dawo min da fayil, wani zai ƙarasa."

A asibiti an ɗaure hannun Gola har gwiwar hannu. Likita ya ce yatsu sun karye a wuraren da ba sa komawa daidai da sauƙi. Matarsa na zaune a bakin gado, idonta ya kumbura amma ya bushe.

"Ina kake ana gobe wasan?" Sufeto ta tambaye shi.

"A sansani, tare da kowa. Koci ma karɓe mana wayoyi ya yi. Ranar wasa rana ce ta dokan min ido, na yi kuskure. Shi ke nan laifina."

"Wa zai amfana in ka faɗi?"

Matar ce ta amsa. "Ki tambayi wanda ke zaman benci a bayansa."

Ta tambaya. Golan benci ya riga ya sa hannu da wani kulob tun kafin wasan ƙarshe, kayansa ma a ɗaure suke. Koci kuma ya tabbatar ba wanda ya fita daga sansani. Labarin jaka ƙarya ne ke nan. Saura wanda ya ƙirƙire shi.

Shagon Yaya ɗan tsukuku ne, cike da agogunan da ba biyu da suka yarda da juna. Ta same shi da gilashin gyara a ido ɗaya. Tun suna yara yake da 'yar i'ina, wadda ke tsananta in ransa ya ɓaci ko in ya kara waya a kunne, shi ya sa ya fi son rubutu da magana.

"Auta, da kaki kika zo min, ko da zumunci?"

"Da duka biyu, Yaya. Wace ƙa'ida kuke bi kafin jita-jita ta shiga Kundi?"

Ya cire gilashin. A kan wannan tambayar bakinsa ba ya sarƙewa. "Jita-jita ba ta shiga. In zargi ne a kan mutum mai rai, sai an kawo majiya biyu, waɗanda ba ɗaya ce ta kwafo daga ɗaya ba. Maganar nan ta taɓa shigowa tsirara, ba majiya, daga wani baƙon suna. Ni na goge ta da hannuna, ko shayina bai huce ba."

"Sai kuma ta dawo."

"Ta dawo da majiya biyu. Hannuna a ɗaure yake. In na ƙi, a ce ina kare shi."

"Ka saurari shirin rediyon da kanka?"

Ya ɗauki wani agogo ya fara murɗa shi. "An saurara."

"Wa ya saurara?"

"An... an tabbatar min."

Ta san wannan fuskar. Ita yake yi tun ranar da ya ɗauki dukan babansu a kan tagar da abokinsa ya fasa. Ba ta matsa ba. Amma da ta fito, sai ta kama kanta tana tuna cewa Yaya kwana biyu bai ci abinci ba bayan wasan ƙarshe, har matarsa ta kira ta tana dariya tana ba ta labari. Yanzu abin bai ba ta dariya ba.

Mai shafin labaran wasanni na aiki ne a wani ɗaki a saman kantin taya, shi da fanka da kwamfuta ɗaya. Ya tarbe ta da murmushin wanda ya saba da sammaci.

"Ɗan jarida ba ya tona majiyarsa, ranki ya daɗe."

"Mutum na kwance da karyayyen hannu. Ko ka nuna min majiyar, ko na rubuta cewa kai ne majiyar."

Murmushin ya tafi. Ya juyo mata da kwamfutar. Saƙo ne daga adireshin da ba suna, ɗauke da hoton shafin Gola a Kundi, an zagaye jimlar farko da ja: "Ana raɗe-raɗin Gola ya karɓi jaka daga wakilin abokan karawa."

"Daga Kundi ka ɗauko ke nan."

"Ai Kundi ba ya ƙarya."

"Ka buɗe shi ka ga ko jimlar na nan?"

"Na buɗe, ba ta nan. Na ɗauka manya ne suka sa aka cire. Wannan ma ya ƙara min ƙarfin gwiwa." Ya sosa ƙeya. "Na dai cire 'raɗe-raɗi' na sa 'majiya mai tushe'. Haka kowa ke yi."

Ta karanta labarinsa daga sama har ƙasa. Akwai jaka, akwai wakili, babu wurin wankin mota. Sannan ta koma kan hoton. A kusurwar sama akwai wata 'yar alama mai siffar kwaɗon ƙofa. Ta buɗe shafin a wayarta, ta sa shi ma ya buɗe a kwamfutarsa. Ba kwaɗo a ko ɗaya.

"Wannan fa?"

"Na kulle shafi ne. Masu kula kaɗai ke ganinsa." Sai da maganar ta fita ya ji nauyinta.

Wanda ya ɗauki hoton yana cikin mutum uku ke nan, kuma ya ɗauka ne a ɗan tsakanin shigar jimlar da gogewarta. Wato yana zaune yana jira.

A gidan rediyo, mai gabatar da shirin wasanni mutum ne mai ƙaton ciki da murya kamar ganga. Bai ɓoye komai ba.

"A shafin ɗan jaridar nan na gani. Amma ni ba na yin labari da ƙafa ɗaya. Ina dab da fara shiri sai ga kira a wayata, lamba a ɓoye. Wani ya ce ma'aikacin kulob ne, da idonsa ya gani. Ka ga majiya ta biyu ke nan."

"Ka tambayi sunansa?"

"Ya ce aikinsa zai tafi."

"Ya muryarsa take?"

"Namiji, ba yaro ba. Magana tsaf, ba gargada, kamar yana karanto ta daga takarda. Har gyara ni ya yi. Na ce 'an kama shi', ya ce a'a, 'an gan shi' za ka ce. Shi ya ce min a bayan wurin wankin mota aka yi."

"Sai ka faɗa a shiri."

"Wankin motar? Allah ya kiyaye. Surukina sana'arsa ke nan. Da na furta, a kansa magoya baya za su fara sauka, ni kuma na rasa wurin kwana. Jakar kawai na ambata."

Sufeto ta nemi a ba ta shirin gaba ɗaya, ta zauna a mota ta saurare shi tun daga kiɗan buɗewa har tallan ƙarshe. Gaskiya ya faɗa. Ba a ambaci wankin mota ba ko sau ɗaya.

Ta ɗan ji sanyi, don Yaya ba zai iya jera jimla biyu a waya ba tare da tuntuɓe ba. Amma sanyin bai daɗe ba. Mai i'ina ma yana iya sa wani ya kira masa.

Mai kula ta biyu mace ce mai kemis. Sufeto ta same ta a gida da jariri a kafaɗa. A makon da aka yi abin tana asibiti, an yi mata aiki, ko wayarta ba a bar mata ba.

"Da ina nan da ba ta shiga ba," in ji ta tana jijjiga jaririn. "Na sha gaya musu, ƙirga majiya ba shi ne aiki ba, a tambayi kowace daga ina ta sha ruwa. In kika bi rafi biyu kika tarar daga rijiya ɗaya suka fito, ai ruwa ɗaya ne. Malam Ƙa'ida ya ce doka ta ce biyu, biyu ce."

"Wane ne Malam Ƙa'ida?"

"Na ukunmu, mai kantin littattafai. Shi ya rubuta dokokin Kundi kaf, shi ya sa ake kiransa haka. Waƙafi in ya zauna ba a wurinsa ba, ba ya barci." Ta gyara jaririn a kafaɗa. "Kin duba shafin bajinta?"

Ba ta duba ba. Mai kemis ta buɗe mata. A bana Gola ya kafa tarihin wasanni mafi yawa a jere ba a zura masa ƙwallo ba, ya ture wani tsohon gola da ya riƙe kambun tun zamanin hoto baƙi da fari. Amma yanzu sunan tsohon ya koma sama. Na Gola na ƙasa, da 'yar alama a gefe: "ana jayayya a kai."

"Doka ce ita ma," in ji mai kemis. "Wanda ake zargi da sayar da wasa, bajintarsa na sauka har sai an wanke shi. Wa ke da lokacin wanke wani?"

Sufeto ta koma shagon agogo. Wannan karon ta ja ƙofa ta rufe, ta cire hularta ta ajiye a kan teburinsa.

"Yaya, hoton da aka aika wa ɗan jarida mai kula ne ya ɗauka. Mai kemis a lokacin tana gadon asibiti. Saura kai da mutum ɗaya. In na fita daga nan ba amsa, fayil zai bar hannuna, wanda zai zo kuma ba zai ce maka Yaya ba."

Ya daɗe yana kallon hular. Da ya buɗe baki sai da ya yi kokawa da kalmar farko.

"Ƙa'ida ne. Ya zo da safe karɓar agogonsa. Ya ce jiya rediyo sun tabbatar da maganar nan, har sun faɗi cewa a bayan wurin wankin mota aka yi. Ya ce in ta dawo kada na sake gogewa, a zarge mu da son kai. Da rana sai ga ta."

"Da safe ya faɗa maka, da rana ta shigo. Ka tabbata?"

"Na tabbata. Ina cin abincin rana na gan ta." Ya ɗago. "Auta, tare da shi muka fara Kundin nan. Mutumin da ke gyara min waƙafi, zan ce masa kawo shaida?"

"Tsohon golan da ke saman shafin bajinta, me ye haɗinsu?"

"Mahaifinsa ne. Ai kowa ya san..." Bai ƙarasa ba. Ya zauna a hankali kamar wanda aka zare wa laka.

Kantin littattafan na da tsabta har ta yi yawa. A bango, bayan teburin ciniki, an rataye hoton wani dogon mutum ya yi tsalle ya cafke ƙwallo, kusa da shi kuma tsofaffin safar hannu a cikin gilashi. Malam Ƙa'ida siriri ne mai furfura, da biro ja a aljihun gaba. Ya ba ta kujera, ya ce abin da ya sami Gola abin takaici ne matuƙa.

"Amma Kundi bai yi laifi ba," ya ƙara. "Majiya biyu doka ta nema, biyu aka kawo. Mu ba ma cewa abu gaskiya ne. Cewa muke an faɗa."

"Na gane. Taimako nake nema a kan abu ɗaya. Ɗan jaridar bai ambaci wurin wankin mota ba. Daga ina ya shigo Kundi?"

"Daga rediyo."

"Wani ne ya ba ka labari?"

"Ni ba na aiki da 'an ce', Sufeto. Da kunnena na ji."

Ta ɗora wayarta a kan tebur ta kunna shirin. Ba ta tsallake komai ba. Wata mata ta shigo neman littafin lissafi, ta ga fuskokinsu ta juya. Muryar mai shirin ta cika kantin, ta yi maganar jaka, ta yi maganar wakili, ta wuce zuwa wasan kwando. Malam Ƙa'ida ya ciro bironsa ya mayar.

"Wataƙila a maimaici ne."

"Ba a maimaita shirin. Na tambaya."

"To a Kundin na gani, na haɗa su a kaina. Shekaru sun ja."

"Ka faɗa wa yayana da safe. A Kundi sai da rana ta shiga." Ta kashe wayar. "A safiyar nan mutum biyu kaɗai suka san da wurin wankin mota, mai shirin da wanda ya kira shi. Mai shirin ya haɗiye ta saboda surukinsa. Kai ba ka saurari shirin ba, Malam. Ba ka ga buƙata ba, tunda kai ka ba shi abin faɗa."

Sai ta jera masa sauran.

"Ka shiga da baƙon suna ka rubuta jimlar, ka san za a goge. Ba zamanta kake so ba, hotonta kake so. Ka koma sunanka na mai kula don ka gan ta yadda take, ka ɗauka, ka manta da kwaɗon da ke kusurwa. Ka aika wa ɗan jarida, ya zama majiya ta ɗaya. Ka kira rediyo, ya zama ta biyu. Sannan ka dawo da maganarka gida da shaidu biyu, ka sa abokinka ya buɗe mata ƙofa da sunansa. Ranar kuma ka sauke Gola daga saman shafin bajinta. Za mu ɗauki kwamfutarka, kamfanin waya kuma zai ba mu lambar da aka ɓoye. Amma na fi son na ji daga bakinka."

Malam Ƙa'ida ya juya ya dubi hoton bango. Da ya yi magana, muryarsa tsaf take, ba gargada.

"Babana a filin tsakuwa ya yi wasa, da yatsu a karye. Ya mutu ba gida, ba fansho. Layin nan ɗaya shi ne abin da ya bari. Yaron nan yana da mota, yana da shekaru a gaba. 'Yar alama kawai na so a gefen sunansa. Ban ce kowa ya taɓa shi ba."

"Ba ka ce ba. Ka dai rubuta a inda ka san ba a musu."

Ya nemi izinin rufe kanti. Ta tsaya yana sauke labule, yana daidaita littattafan da ba su karkace ba, sannan ya miƙo hannayensa da kansa.

Kafin la'asar Yaya ya goge jimlar, ya mayar da sunan Gola sama, ya rubuta gyara a saman shafin da sunansa a ƙasa. Mai kemis ta aiko da sabuwar doka daga gida: duk mai amincewa sai ya buɗe majiya da kansa, ya kuma bi ta har inda ta samo. Ɗan jarida ya cire labarinsa shiru, ba ko uzuri.

Sufeto ta koma asibiti ta shaida wa Gola. Ya saurara yana kallon bandejin. Ya ce ya san tsohon golan, hotonsa ne a ɗakinsa lokacin yana yaro. Matarsa ta raka ta zuwa ƙofa.

"Waɗanda suka karanta na farkon, za su karanta gyaran?"

"Wasu za su karanta," in ji Sufeto. Iyakar abin da za ta iya rantsewa a kai ke nan.

A baranda wata ma'aikaciyar jinya ta tare ta, ta rage murya tana nuna ɗakin da haɓa.

"Ranki ya daɗe, shi ne golan nan da ya sayar da wasa?"

"Wa ya faɗa miki?"

Matar ta yi ɗan tunani, da gaske take neman amsar. "Ai kowa ya sani."

Sufeto ta dubi agogonta. Ana jiranta a ofis. Ta jawo benci ta zauna, ta nuna wa matar gefenta.

"Zauna. Faɗa min wanda kika fara ji a bakinsa."